Marie Curie: Ɗalibar da ta shiga jami'a a makare, ta ci kyautar Nobel a fiziks da kemistiri

Tun da aka fara bayar da kyautar Nobel a 1901, mutum ɗaya tak ya taɓa cin ta a fannonin kimiyya biyu daban-daban. Wannan ita ce Marie Curie, wadda ta karɓi ta fiziks a 1903, sannan ta karɓi ta kemistiri, wato kimiyyar sinadarai, a 1911.

Wanda ya ji haka zai ɗauka hanya a share ta tarar. Amma ta gama sakandare tana da shekara 15, ba ta taka ƙofar jami'a ba sai bayan shekara takwas. Yawancin shekarun nan ta yi su ne tana koyar da 'ya'yan masu hali a gidajensu, tana tara kuɗin karatun yayarta da nata. Ko da ta shiga jami'ar ma, ta tarar abokan karatunta sun yi mata nisa a lissafi.

Yadda ta cike wannan giɓi, da yadda ta riƙe fiziks da kemistiri tare har ta gano abin da fanni ɗaya ba zai iya ganowa shi kaɗai ba, labari ne da ya shafi duk ɗalibin kimiyya da ya taso daga makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje.

Gidan malamai a ƙarƙashin mulkin Rasha

An haife ta ranar 7 ga Nuwamba, 1867 a birnin Warsaw na ƙasar Poland, aka raɗa mata suna Maria Sklodowska. Ita ce auta a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinta Wladyslaw malamin lissafi da fiziks ne, mahaifiyarta Bronislawa kuma shugabar wata makarantar kwana ce ta 'yan mata.

A lokacin babu ƙasar Poland a taswira, domin Rasha da Ostiriya da Furusiya sun raba ta a tsakaninsu. Warsaw tana hannun Rasha, kuma da harshen Rashanci ake tilasta wa yara karatu. Da hukumomi suka soke aikin gwaje-gwaje a makarantun 'yan Poland, sai mahaifin ya kwaso kayan aikinsa ya kawo gida. A nan Maria ta fara ganin kayan awon kimiyya.

Gidan ya ga jarrabawa iri-iri. An rage wa mahaifin matsayi a wurin aiki, ya kuma yi asarar ɗan abin da ya tara a wani kasuwanci da bai yi albarka ba, har ya koma karɓar ɗalibai 'yan haya a gida. A 1876 babbar yayarta Zofia ta rasu da zazzaɓin taifus. Bayan shekara biyu tarin fuka ya ɗauke mahaifiyarta, lokacin Maria tana da shekara 10.

Duk da haka, a watan Yunin 1883 ta kammala sakandare da lambar zinare. Sai dai a nan hanya ta toshe, saboda Jami'ar Warsaw ba ta ɗaukar mata. Ita da yayarta Bronislawa, wadda ake kira Bronya, sai suka shiga wata makarantar ɓoye da ke koyar da mata darussan jami'a a gidajen mutane, yau a nan gobe a can, don gudun idon 'yan sanda. Ana samun ilimi a wurin, amma babu takardar shaida.

Yarjejeniyar 'yan'uwa biyu

Mafita ɗaya ce, a tafi Paris, inda ake ɗaukar mata a jami'a. Kuɗin mutum ɗaya ma babu, balle na biyu. Sai suka yi wata yarjejeniya mai kama da adashe. Bronya za ta fara tafiya ta karanci aikin likita, Maria ta yi aiki tana aika mata kuɗi. In Bronya ta gama, sai ita ma ta ɗauki nauyin ƙanwar.

A farkon 1886 Maria ta tafi ƙauyen Szczuki, gidan iyalin Zorawski, a matsayin malamar 'ya'yansu. Ta yi kimanin shekara uku a can. Bayan aikin da aka ɗauke ta, tana tara 'ya'yan manoma tana koya musu karatu da harshen Poland, abin da dokar Rasha ta haramta.

Da dare kuma ta koma kan nata littattafan. Mahaifinta yana aiko mata da tambayoyin lissafi ta wasiƙa, tana warwarewa. A wannan zaman kaɗaici ne ta tabbatar wa kanta cewa lissafi da fiziks take so.

A gidan ne kuma ta sha wani ɗaci. Soyayya ta shiga tsakaninta da babban ɗan gidan, Kazimierz, wanda daga baya ya zama sanannen masanin lissafi. Iyayensa suka ce ɗansu ba zai auri talaka mai yi musu aiki ba. Ta haɗiye abin, ta ci gaba da zama a gidan, domin Bronya tana jiran kuɗi a Paris.

Da ta koma Warsaw ta samu wata dama da ta yi mata rana daga baya. Wani ɗan'uwanta, Jozef Boguski, wanda ya taɓa zama mataimakin Dmitri Mendeleev, mutumin da ya tsara jadawalin sinadarai, yana kula da wani ɗakin gwaje-gwaje a Gidan Tarihin Masana'antu da Noma. Daga 1890 zuwa 1891 tana zuwa can da yamma da ranakun Lahadi, tana koyon yadda ake tantance sinadaran da ke cikin abu. Wannan ne karon farko da hannunta ya taɓa aikin da a da a littafi kawai take karantawa.

Digiri biyu a shekara uku

A ƙarshen 1891 ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris da tikiti mafi arha. A watan Nuwamba ta yi rajista a tsangayar kimiyya ta Jami'ar Sorbonne da sunan Marie. Mata 23 ne kacal a cikin ɗalibai fiye da 1,800 na tsangayar.

Nan take ta gane matsalolinta guda biyu. Faransancin da ta koya a gida bai isa ta bi malami mai saurin magana ba. Sannan karatun da ta yi wa kanta ya bar ramuka, musamman a lissafi, inda ɗaliban Faransa suka zo da shiri mai ƙarfi.

Da farko ta sauka gidan Bronya da mijinta, amma gidan yana da nisa da jami'a, ga baƙi ba sa yankewa. Bayan 'yan watanni ta kama wani ɗan ɗaki a can ƙololuwar bene kusa da makaranta. Da sanyi ruwa yakan daskare a kwanon wanke fuska, har ta kan tara duk tufafinta ta lulluɓa da su. Abincinta mafi yawa shayi ne da burodi, kuma an ruwaito ta taɓa suma saboda yunwa. Dare kan same ta a ɗakin karatu na jama'a, inda akwai fitila da ɗumi kyauta.

Ba ta yi gaggawar shiga jarrabawa ba. Ta koma baya ta gyara tushenta tukuna. A 1893 ta zo ta ɗaya a jarrabawar digirin fiziks. Ta lura cewa fiziks ba ya tafiya sai da lissafi mai zurfi, don haka ta ƙara shekara guda, a 1894 ta zo ta biyu a digirin lissafi.

Wani tallafin karatu na rubul 600 da ake bai wa ɗaliban Poland, mai suna Alexandrovitch, shi ya riƙe ta a wannan shekara ta ƙarshe. Bayan wasu shekaru, da ta samu kuɗin aikinta na farko, ta mayar da kuɗin gaba ɗaya don wani ɗalibin ya amfana, duk da cewa ba bashi aka ba ta ba.

Pierre, da batun da kowa ya wuce

Aikin nan na farko shi ne binciken yadda nau'o'in ƙarfe daban-daban ke riƙe maganaɗisu, wanda wata ƙungiyar bunƙasa masana'antu ta Faransa ta ba ta. Neman wurin yin aikin ne ya haɗa ta da Pierre Curie a 1894. Shi ne mai kula da ɗakunan gwaje-gwaje a Makarantar Fiziks da Kemistirin Masana'antu ta birnin Paris.

Pierre ya girme ta da shekara takwas, kuma ya riga ya yi suna. A 1880 shi da yayansa Jacques sun gano cewa wasu duwatsu masu sheƙi suna fitar da lantarki in an matsa su. A kan wannan ilimi agogon batir na yau yake aiki. Sun yi aure ranar 26 ga Yuli, 1895. A 1896 Marie ta zo ta ɗaya a jarrabawar zama malamar sakandaren 'yan mata, a 1897 kuma ta haifi 'yarsu ta fari, Irene.

A ƙarshen shekarar ta fara neman batun digirin digirgir. A lokacin hankalin masana duk yana kan hasken eksire, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, mai nuna ƙashin mutum ta cikin nama. A 1896 Bafaranshe Henri Becquerel ya gano cewa ma'adinin yuraniyom ma yana fitar da wani tiriri da ido ba ya gani, ba tare da an haska shi ko an ɗumama shi ba. Mutane ƙalilan ne suka bi ta kan wannan. Shi Marie ta zaɓa, domin fili ne da ba a nome ba.

Inda fiziks ya kai, da inda kemistiri ya karɓa

Becquerel da farantin ɗaukar hoto ya fi yin aiki, wanda ke nuna akwai tiriri amma ba ya faɗin yawansa daidai. Marie ta bi wata hanya. An san tiririn yana sa iska ta riƙa wucewa da ɗan lantarki. Sai ta yi amfani da wata na'urar awon lantarki mai tsananin kaifi da Pierre da Jacques suka ƙera, ta mayar da tiririn abin da ake rubutawa da lamba.

Awon ya nuna mata abu na farko. Ko yuraniyom yana jiƙe ko a bushe, ko gari ne ko dunƙule, ko da wane sinadari aka haɗa shi, ƙarfin tiririn yana bin yawan yuraniyom ɗin ne kawai. Ma'ana daga cikin ƙwayar zarra kanta yake fitowa. Wannan babbar magana ce a zamanin da aka ɗauka ƙwayar zarra dunƙulalliya ce da ba ta canzawa.

Ta bi sauran sinadarai ɗaya bayan ɗaya, ta tarar toriyom ma yana fitar da irin wannan tiriri. A nan wani Bajamushe, Gerhard Schmidt, ya riga ta bugawa da 'yan makonni.

Sai ga abin mamaki. Wani baƙin dutsen ma'adini da ake kira pitchblende, wanda daga cikinsa ake fitar da yuraniyom, ya nuna ƙarfin da ya ninka na yuraniyom zalla kusan sau huɗu. Wani dutsen kuma, chalcolite, ya ninka sau biyu. Ta sake awo, lambobin ba su canza ba.

A nan horon da ta samu a Warsaw ya yi aiki. Ta haɗa chalcolite da hannunta daga tsarkakakkun sinadarai, ta auna, ta ga bai wuce ƙarfin yuraniyom ɗin da ke cikinsa ba. Ke nan dutsen da aka haƙo daga ƙasa yana ɗauke da wani abu daban, ɗan kaɗan, mai tsananin ƙarfi, wanda babu shi a jadawalin Mendeleev. Ranar 12 ga Afrilu, 1898 malaminta Gabriel Lippmann ya gabatar da sakamakon a gaban Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa.

Pierre ya ajiye nasa binciken ya shigo. Tsarin aikinsu shi ne a narkar da dutsen, a raba shi kashi-kashi ta hanyar kemistiri, a auna kowane kashi da na'urar lantarki, a bi wanda ya fi ƙarfi, a sake raba shi. Na'urar fiziks tana nuna inda abin ya ɓuya, kemistiri yana tono shi.

A watan Yulin 1898 suka sanar da sabon sinadari, suka sa masa suna poloniyom don tunawa da ƙasarta. Ranar 26 ga Disamba suka sanar da na biyu, radiyom, tare da abokin aikinsu Gustave Bémont. A rubuce-rubucen shekarar ne suka fito da kalmar da duniya ke kiran wannan hali da ita har yau, wato radiyo-aktibiti.

Shekara huɗu a cikin rumfa

Masana kemistiri ba sa amincewa da sabon sinadari sai an ware shi, an auna nauyin zarrarsa. Wannan aiki ya ci shekara huɗu.

Sun samo dusar ma'adinin da aka riga aka cire wa yuraniyom daga mahaƙar Joachimsthal da ke yankin Bohemiya, a Jamhuriyar Czech ta yau. Wurin aikinsu wata tsohuwar rumfa ce da ɗaliban likitanci suka taɓa amfani da ita wajen feɗe gawa. Rufinta yana yoyo, babu bututun fitar da hayaƙi mai guba, don haka wani aikin a tsakar gida ake yin sa.

Marie takan ɗauki kilo 20 a lokaci guda, ta tafasa a babbar tukunya, ta wuni tana juyawa da sandar ƙarfe. Mataki mafi wuya shi ne raba radiyom da bariyom, domin halayensu kusan ɗaya ne. Ana narkar da gishirinsu a ruwa, a tafasa, a bar shi ya huce. Ƙwayoyin da suka fara daskarewa sun ɗan fi ɗauke da radiyom. Sai a kwashe su a sake narkarwa. Kamar mai wankin zinare ne da ke ta zubar da yashi yana riƙe abin da ya kwanta a gindin kwano, sai dai ita sau dubbai ta maimaita.

A 1902, daga tan-tan na dusar dutse, ta samu kashi ɗaya bisa goma na giram na gishirin radiyom, abin da bai kai nauyin ƙwayar masara guda ba. Ta auna nauyin zarrarsa ta samu 225. Adadin da aka sani yau 226 ne. Duk wannan tana yi ne tana koyarwa a kwalejin horar da malamai mata ta Sèvres, ga renon 'ya.

A watan Yunin 1903 ta kare kundin digirinta na digirgir a Sorbonne, shekara 20 cif bayan gama sakandare. Biyu daga cikin masu jarraba ta uku, Lippmann masanin fiziks da Henri Moissan masanin kemistiri, su ma sun ci kyautar Nobel daga baya.

Ɗaukaka da rashi

Da aka zo batun Nobel na 1903, takardar da masanan Faransa suka aika Suwidin sunan Becquerel da Pierre kawai ta ambata. Wani masanin lissafi na Suwidin, Gösta Mittag-Leffler, ya sanar da Pierre, shi kuma ya rubuta cewa ba za a raba sunansa da na matarsa a wannan aiki ba. Aka ba Becquerel rabi, Pierre da Marie rabi. Ta zama mace ta farko da ta ci kyautar.

Ba su yi wa hanyar tace radiyom rajistar mallaka ba, suka buga ta kowa ya gani. Kamfanoni suka yi arziki da ita, su kuwa suna fama da ƙarancin kayan aiki.

A 1904 suka haifi 'ya ta biyu, Eve. Ranar 19 ga Afrilu, 1906 Pierre yana tsallaka titi cikin ruwan sama a Paris, keken doki mai ɗaukar kaya ya take shi, ya mutu nan take. Marie tana da shekara 38. Jami'ar ta ba ta kujerarsa, kuma ranar 5 ga Nuwamba ta gabatar da darasinta na farko. Ita ce mace ta farko da ta koyar a Sorbonne.

A 1910 ita da André Debierne suka ware radiyom a matsayin ƙarfe zalla. Shekarar 1911 kuwa ta zo mata da zuma da maɗaci. A Janairu ta nemi kujera a Majalisar Masana Kimiyya, ta faɗi da ƙyar a hannun Édouard Branly. A ƙarshen shekara jaridu suka yi mata ca kan alaƙarta da abokin aikinta Paul Langevin, wanda ke da aure, wasunsu suna kiranta baƙuwa da ta zo rusa gidan Bafaranshe. Har jama'a suka taru a ƙofar gidanta.

Ana cikin haka aka sanar da ita ce ta ci Nobel na kemistiri, ita kaɗai. Wani mamban majalisar da ke bayar da kyautar ya rubuto yana ba ta shawarar kada ta zo. Ta amsa cewa saboda aikinta aka ba ta kyautar, ta kuma tafi Stockholm ta karɓa. Da ta dawo ciwon ƙoda ya kwantar da ita tsawon watanni.

Kimiyya a bakin daga

An kammala ginin Cibiyar Radiyom a Paris a 1914, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Marie ta lura ana yanke wa sojoji gaɓoɓi saboda likitocin bakin daga ba su da yadda za su ga inda harsashi ya maƙale.

Ta nemi motoci daga masu hali, ta ɗora musu na'urar eksire da janareton da injin motar ke juyawa. Ta koyi tuƙi da ɗan gyaran mota da ilimin sassan jiki. Ta samar da motoci 20 da kimanin cibiyoyi 200, ta horar da mata kusan 150, 'yarta Irene mai shekara 17 tana taimaka mata. An ƙiyasta an duba sojoji fiye da miliyan ɗaya da waɗannan na'urori.

Bayan yaƙi, matar da ta gano radiyom ba ta da kuɗin sayensa. Wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Marie Meloney, ta tara dala 100,000 daga matan Amurka, a 1921 Shugaba Warren Harding ya miƙa mata kyautar giram ɗaya a Fadar White House. Daga 1922 farashinsa ya fara sauka, bayan wani kamfanin Beljiyam ya fara tace shi daga ma'adinin Shinkolobwe da ke Katanga a ƙasar Kwango.

Cibiyarta ta zama matattarar ɗalibai daga ƙasashe da dama, mata da yawa a cikinsu. Marguerite Perey, wadda ta fara a matsayin mai haɗa mata sinadarai, ita ta gano sinadarin faransiyom a 1939.

Abin da tiririn ya yi wa jikinta

Tun farko sun ga radiyom yana ƙona fata, kuma wannan ne ya sa likitoci suka fara gasa ciwon daji da shi. Abin da ba a gane da wuri ba shi ne ɓarnar da yake yi a hankali a cikin jini da ɓargo. Marie ta yi shekaru tana taɓa shi babu kariya, har tana sa kwalabensa a aljihu. 'Yan kasuwa kuma suka riƙa zuba shi a man shafawa da ruwan sha wai magani ne.

A shekarun 1920 'yan matan da ke shafa fentin radiyom a fuskar agogo a Amurka, suna lasar bakin burushi don ya yi tsini, suka fara mutuwa da ruɓewar muƙamuƙi. Ita kanta Marie yatsunta sun ƙone, an yi mata tiyatar yanar ido fiye da sau ɗaya. Cibiyarta ta kawo dokokin kariya da gwajin jini ga ma'aikata, amma ita ba ta cika yarda aikin ne ke cin ta ba.

A farkon 1934 ta ga Irene da mijinta Frédéric Joliot sun gano yadda ake mayar da sinadari na yau da kullum mai fitar da tiriri, aikin da ya ba su Nobel a 1935. Ita ba ta ga bikin ba. Ta rasu ranar 4 ga Yuli, 1934 a asibitin Sancellemoz da ke tsaunukan gabashin Faransa, tana da shekara 66, sakamakon ciwon da ke hana ɓargo samar da jini.

A 1995 aka mayar da gawarta da ta Pierre zuwa Panthéon, makwancin manyan Faransa. Littattafan da take rubuta awonta suna ajiye a akwatuna masu rufin dalma a babban ɗakin karatu na ƙasar, domin har yau suna fitar da tiriri. Radiyom yana ɗaukar shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.

Daga Paris zuwa Zariya da Zamfara

Ilimin da ya faro a rumfar nan ya iso ƙasar Hausa ta hanyoyi da dama. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit da ke Jamhuriyar Nijar. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, wadda ake amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci. Sassan gashin ciwon daji na asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato su ma daga wannan tushe suka fito.

Jihar Zamfara ta ga ɗaya gefen labarin da idonta. A 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ba a san yana ɗauke da dalma mai yawa ba. Dalma ba ta fitar da tiriri irin na radiyom, amma darasin ɗaya ne, dutse yana iya ɓoye abin da ido ba ya gani, kuma awo kaɗai ke tona shi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara ankarar da duniya, kuma ƙwararrun da suka zo daga waje sun auna ƙasar tsakar gidaje da na'urorin hannu masu aiki da hasken eksire. Na'urar fiziks ce ta amsa tambayar kemistiri, kamar yadda aka yi a 1898.

Jihar da ke zaune a kan ma'adinai tana buƙatar 'ya'yanta da suka iya wannan awo. Yarinya ko yaron da ya taso a Garbadu ko Bakura ko Maradun yana da ƙofofin da Maria Sklodowska ba ta samu a garinsu ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma babu wadda ke hana mace shiga.

Matsalolin da suka rage irin nata ne, wato kuɗin makaranta, raunin tushe a lissafi, ƙarancin kayan gwaji, da shekarun da kan salwanta ana jiran gurbi. Ita ta jira shekara takwas. Yayarta ta cika alkawari, mahaifinta ya koyar da ita ta wasiƙa, ɗan'uwanta ya buɗe mata ɗakin gwaje-gwaje, mijinta ya ƙi yarda a share sunanta. A 1932, da aka buɗe Cibiyar Radiyom ta Warsaw don kula da masu ciwon daji, Bronya ce ta zama shugabarta, Marie kuma ta kawo radiyom ɗin da aka fara aiki da shi.